Babi na Biyar: Me Ya Hana Soja Su Shiga Daji Su Ƙwato Su?

Duk sanda aka wayi gari da labarin an kwashe mutane an yi daji da su, tambaya ɗaya ce ke zagayawa, daga teburin mai shayi zuwa shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya: tun da an san dajin, kuma Najeriya tana da soja, tana da jirage, tana da igwa, me ya hana a shiga a ƙwato su? Mai wannan tambaya bai yi laifi ba. Ya san kowace shekara tsaro ne ke lashe kaso mai tsoka a kasafin kuɗi, ya kuma san mutum 200 ba sa ratsa daji ba su bar sawu ba.

An taɓa ba da amsa a hukumance. A daren 14 ga Afrilu 2014 mayaƙan Boko Haram suka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati da ke Chibok. Daga cikinsu 57 suka tsere da ƙafafunsu, wasu ta hanyar dirowa daga manyan motocin da aka loda su. Bayan mako shida, babban hafsan hafsoshin tsaro na lokacin, Alex Badeh, ya fito a Abuja ya ce soja sun san inda 'yan matan suke, amma ba za su shiga da ƙarfi ba, kada garin ceto a kashe su. Jama'a da yawa suka ce borin kunya ne. Zargin nasu yana da ƙamshin gaskiya, domin a watannin da suka biyo baya Gwoza ta faɗi, Bama ta faɗi, Mubi ta faɗi, har ƙauyen Vimtim, mahaifar shi Badeh ɗin, sai da mayaƙan suka shiga. Rundunar da ta kasa riƙe garuruwanta, wa zai sa ran ta kutsa dajin Sambisa ta fito da yara 219 da ransu? Amma ko da a ce rundunar tana kan ganiyarta, maganar tasa ba ta faɗi ƙasa ba.

Ceto iri biyu ne

Idan aka ji sanarwa cewa soja sun ceto mutane, ɗayan abu biyu ake nufi, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa.

Na farko shi ne wanda ke zuwa a bayan yaƙi. Soja su far wa wani sansani ko ƙauye da ke hannun 'yan tayar da ƙayar baya, mayaƙan su ga ba dama su arce, a tarar da mata da yara da tsofaffi da suka bari a baya. Ba dominsu aka fito ba, ba a ma san sunayensu ba kafin a iso. Mafi yawan dubban mutanen da aka kuɓutar a arewa maso gabashin Najeriya ta wannan hanya suka fito.

Na biyu shi ne samame: an san wanda ake nema, an san gidan ko bukkar da yake, a tura ƙwararru 'yan kaɗan su shiga su ɗauko shi su fice. Wannan shi ne wanda muke gani a fim, kuma shi mai tambayar nan yake nufi. Shi ne kuma mafi wuya, mafi ƙaranci, mafi yawan ƙarewa da janaza.

Makon da Sambisa ta buɗe

Sambisa gandun daji ne da aka keɓe don namun dawa, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri. Ba kurmi ba ne mai dogayen itatuwa. Sarƙaƙiya ce ta ƙaya da gajerun bishiyoyi, wadda da rani ake iya ratsawa da wahala, da damina kuwa laka ta riƙe mota ta ƙi saki. Wanda ya san hanyoyinta da babur ya fi mai motar sulke sauri.

A farkon 2015 al'amura suka juya. An ɗage babban zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, sojojin Chadi da Nijar da Kamaru suka matso ta kan iyakokinsu, na Najeriya suka ƙwato Bama, sannan Gwoza a ranar 27 ga Maris. Sai aka doshi Sambisa. Yunƙurin farko nakiya ce ta mayar da shi baya, bayan ta hallaka soja ɗaya da 'yan sa-kai uku. A ranar 28 ga Afrilu rundunar ta ba da sanarwar ta kuɓutar da 'yan mata 200 da manyan mata 93. Kafin mako ya zagayo adadin ya doshi 700. Ƙasa ta ɗauki murna, kowa yana tambaya ko 'yan Chibok ne. Babu ko ɗaya daga Chibok a cikinsu, kuma abin kunya ne yadda ɗokin mutane ya yi sanyi da jin haka, kamar su waɗannan ba 'ya'yan kowa ba ne.

Mutum 275 daga cikinsu aka kai sansanin Malkohi da ke bayan garin Yola, bayan tafiyar kwanaki a bayan motoci. Abin da suka faɗa wa 'yan jarida a can ya kamata duk mai cewa a shiga kawai ya saurara. Da mayaƙan suka ji ƙarar soja ta matso, sai suka ce wa matan su tashi a gudu tare. Waɗanda suka ƙi, aka yi ta jifansu da duwatsu har wasu suka mutu. Wasu matan suka ɓuya a cikin ciyayi, motar sulke ta sojojin da suka zo ta bi ta kansu ba tare da direba ya gan su ba. Wasu kuma sun tsira daga wannan duka, a kan hanyar fita suka taka nakiya. Wannan fa aiki ne da aka yi nasara a cikinsa, wanda aka yaba wa soja a kansa, kuma sun cancanci yabon.

Ba kullum mayaƙan ke barin mutane a baya ba. A Damasak, kusa da iyakar Nijar, sun tsare ɗaruruwan yara a wata makarantar firamare tun daga Nuwamban 2014. Da sojojin Chadi da Nijar suka iso a Maris 2015, sai suka tarar an riga an yi gaba da mata da yara kimanin 400, ga kuma gawarwaki a ƙarƙashin wata gada. Garin ya dawo hannu, mutanensa ba su dawo ba. Tankar yaƙi ana jin ta daga nesa, kuma mai tsare da mutane shi ke fara jin ta.

Minti biyu tsakanin ƙofa da ɗaki

Mu koma ga samame. Duk wanda ya taɓa ganin maciji ya naɗe a cikin randa ya san matsalar: sanda tana hannunka, ƙarfin bugu kana da shi, amma randar kake so ta tsira. Mai garkuwa da mutum ba ya bukatar ya fi soja ƙarfi. Abin da yake bukata kawai shi ne ya ji motsi kafin a iso ɗakin.

Sakkwato ta ga haka a ranar 8 ga Maris 2012. Wasu injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, an sace su a Birnin Kebbi tun watan Mayun 2011. Bayan wata goma aka gano gidan da suke a unguwar Mabera. An kama wasu 'yan ƙungiyar da ta sace su a Zariya, aka ji tsoron labari zai kai ga masu gadin su sauya wuri ko su kashe mutanen, don haka aka shiga da rana tsaka maimakon a jira dare. Dakarun musamman na Birtaniya ne tare da jami'an tsaron Najeriya, mutanen da ba a raina horonsu. Aka yi ta musayar wuta, amma kafin a kai ga ɗakin an harbe mutanen biyu. Gwamnatin Italiya ta fusata, domin ba a gaya mata ba sai da aiki ya riga ya kankama. Wata uku ba su cika ba aka maimaita a Kano: soja suka kai samame wani gida, aka tarar masu tsare da wani injiniya Bajamushe sun kashe shi. Fiye da shekara guda kafin nan, a Janairun 2011, an ɗauke wasu samari biyu Faransawa daga wani gidan cin abinci a Yamai, sojojin Nijar da na Faransa suka bi sawu har iyakar Mali, nan ma gawa aka ɗauko.

To yaushe ake dacewa? A ƙarshen Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Massalata kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, aka tsallako da shi Najeriya. A ranar 31 ga watan dakarun Amurka suka diro da lema cikin dare, suka ƙarasa da ƙafa, suka kashe mafi yawan masu gadinsa, suka tafi da shi da ransa. A nan ma mutane suka yi ta cewa, ga shi nan, ashe ana iyawa. Ana iyawa, amma a duba abin da ya haɗu. Mutum ɗaya ne. Kwanaki kaɗan ya yi a hannu, ba a kai ga sayar da shi ga wata babbar ƙungiya ba. Masu gadinsa 'yan neman kuɗin fansa ne da ba su kai goma ba, kuma wayoyinsu sun tona inda suke. A sama akwai jirage marasa matuƙa da ke kallon wurin dare da rana.

Ko da duk wannan ya haɗu, akwai farashi. A Mayun 2019 dakarun Faransa suka rarrafa cikin duhu zuwa wani sansani a arewacin Burkina Faso don ɗauko Faransawa biyu da aka sace a gandun dajin Pendjari na Jamhuriyar Benin. Da aka farga da su, sai suka kutsa ba tare da buɗe wuta ba, don kada harsashi ya sami waɗanda suka zo ɗauka. Biyu daga cikin dakarun suka mutu nan take. An fito da mutum huɗu, domin sun tarar da wata Ba'amurkiya da wata 'yar Koriya ta Kudu da ba su ma san suna wurin ba.

Yanzu a ɗora wannan ma'auni a kan yara 219. Sanin daji ba shi ne sanin bukka ba. An rarraba su rukuni-rukuni, an aurar da wasu ga mayaƙa sun bi mazajen zuwa wasu sansanoni. Idan aka far wa rukuni ɗaya, me zai sami sauran kafin gari ya waye? Sai an far wa duka a lokaci guda, sai kuma an tanadi jirage ko motocin da za su kwashe yara masu yunwa da ciwo, wasu da ciki wasu da goyo, ta hanyar da aka binne wa nakiyoyi.

Dabarar Kolombiya

Akwai wata ƙasa da ta ɗanɗana duka biyun. A Mayun 2003 sojojin Kolombiya suka tafi da jirage masu saukar ungulu don ƙwato gwamnan jihar Antioquia da wani tsohon ministan tsaro daga hannun 'yan tawayen FARC. Ƙarar jiragen ce ta sanar da zuwansu, 'yan tawayen suka harbe gwamnan da ministan da sojoji takwas da ke tsare tare da su.

Bayan shekara biyar suka sake lale. Suka kutsa cikin hanyoyin sadarwar 'yan tawayen, suka sa kwamandan da ke riƙe da fursunoni ya yarda cewa sabon shugaban ƙungiyar ne ke son a kai masa su, kuma wata ƙungiyar agaji ce za ta kawo jirgi. A ranar 2 ga Yuli 2008 jirgin ya sauka, sojoji ne a ciki da kayan ma'aikatan agaji da na 'yan jarida. Kwamandan da kansa ya hau tare da fursunoni 15, ciki har da Ingrid Betancourt, 'yar takarar shugaban ƙasa da ta yi fiye da shekara shida a daji. Sai da jirgi ya tashi aka ɗaure shi. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Labari ne mai daɗin ji, amma yana da tabo. Ɗaya daga cikin sojojin ya sa tambarin Red Cross, abin da dokokin yaƙi suka haramta, har shugaba Alvaro Uribe ya fito ya amsa. Haramcin yana da dalili. Ranar da masu bindiga suka daina yarda da wannan tambari, an toshe ƙofar da ake bi a karɓo mutane lami lafiya. Motocin Red Cross ɗin nan ne suka je yankin Banki, a iyakar Kamaru, suka ɗauko 'yan matan Chibok.

Suna ya zama sarƙa

Ga lissafin Chibok a taƙaice. A Mayun 2016 'yan kato-da-gora suka ci karo da ɗaya daga cikin 'yan matan a bakin Sambisa, da jaririya a hannu. A Oktoban wannan shekara aka sako 21, a Mayun 2017 aka sako 82, duka ta hanyar tattaunawa da gwamnatin Suwizalan da Red Cross suka shiga tsakani, kuma a karo na biyun an saki wasu kwamandojin ƙungiyar a madadinsu. Sauran da suka fito, ɗai-ɗai suka riƙa fitowa, akasari da ƙafarsu suka gudo har suka haɗu da soja a hanya, musamman bayan mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau a 2021, lokacin da dubban mayaƙa da iyalansu suka miƙa wuya. Ko a Disambar 2016, da shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar an karɓe babban sansanin ƙungiyar a tsakiyar Sambisa, ba a tarar da su a can ba. Shekara goma bayan sace su, fiye da 80 ba su dawo ba.

Abin da wannan ke nunawa yana da ɗaci. Gangamin da duniya ta yi a kansu shi ya hana gwamnati ta manta da su, kuma shi ne ya gaya wa Shekau darajar abin da ke hannunsa. Matar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Madagali da ba wanda ya san sunanta, ana iya barinta a baya idan gudu ya kama. Wadda matar shugaban Amurka ta ɗaga allo dominta, ita ake fara ɓoyewa. Soja sun fi kuɓutar da waɗanda ba a ƙirga ba. Waɗanda aka ƙirga, ciniki ne ke fito da su.

Sanarwar da ta riga aiki

Wani abin da ya sa jama'a ke ɗaukar labarin ceto da shakku, hukumomi ne suka jawo shi. Kwana biyu da sace 'yan Chibok, kakakin hedikwatar tsaro Chris Olukolade ya ce an kuɓutar da duka in ban da takwas. Iyaye da shugabar makarantar suka ce ba su ga kowa ba, dole aka janye maganar. A Yulin 2017 aka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, rundunar soja ta ce ta ceto su, sai ga bidiyon ma'aikatan Jami'ar Maiduguri uku a hannun mayaƙa. A Fabrairun 2018 aka kwashe ɗalibai 110 a Dapchi, gwamnatin Yobe ta ce soja sun ƙwato wasu, gari ya ɓarke da murna, washegari gwamna ya zo ya ce ba haka ba ne, aka jefi ayarin motocinsa. Bayan wata guda waɗanda suka sace su ne suka dawo da su cikin gari da motocinsu. Biyar sun rasu, an riƙe ɗaya Kirista da ta ƙi barin addininta.

Uwar da aka ce mata 'yarta ta dawo, ta yi guɗa, sannan aka ce a yi haƙuri kuskure ne, an sace mata 'ya sau biyu.

Bayan an fito daga daji

Sojan da ya tarar da mutum 300 a wani sansani yana da tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: wane ne kamamme, wane ne ɗan ƙungiya? Ga manomin da bai gudu ba don ba shi da inda za shi, ya zauna yana ba su hatsi a kan dole. Ga yaron da aka sace yana ɗan shekara goma, yanzu ya iya harbi. Ga matar kwamanda da ita ma sato ta aka yi. Tsoron sojan ba na banza ba ne. A Fabrairun 2016 wasu 'yan mata suka kwana a sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa kamar kowa, da safe biyu suka tayar da bama-baman da ke jikinsu, mutum 58 suka mutu. Ta ukun ta fasa, an ce don ta san iyayenta suna cikin sansanin.

Daga nan aka samo abin da ake kira tantancewa, kuma a nan ne aka tafka ɓarna mai yawa. Maza masu jini a jika aka riƙa ware su ana kai su barikin Giwa a Maiduguri, wasu shekaru ba labari. Ƙungiyar Amnesty International ta ce a watannin farko na 2016 kaɗai mutum 149 suka mutu a tsare a can, har da ƙananan yara 11, zargin da rundunar soja ta musanta. Matan kuma aka tara su a sansanonin da ba a fita. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu shiga Bama a Yunin 2016, sun tarar da mutum 24,000 a harabar wani asibiti, suka ƙirga kaburbura 1,233 a kusa, 480 na yara ne. Yunwa da zawo ne suka kashe yawancinsu, a cikin garin da ke hannun gwamnati.

Wadda ta tsallake wannan ta koma gida, sai ta tarar da wani shingen. Maƙwabta suna kiranta matar Boko Haram, ana janye yara daga wasa da ɗanta, wani mijin ya ce ba zai iya ba. An samu matan da, bayan an yi musu watanni ana ba su shawara da koyar da sana'a, suka sulale suka koma daji wurin mazajen da aka aura musu. Mai saurin hukunci zai ce ai dama nasu ne. Ni dai na fi ganin a tambayi abin da suka tarar a gari da ya sa daji ya fi musu.

Ko a cinikin Mayun 2017, lauyan da ya shiga tsakani, Zannah Mustapha, ya ce akwai 'yan matan da aka ba dama su biyo sauran suka ƙi. Shi wannan lauya, da ire-irensa da ke shiga daji ba bindiga, su ne za mu bi a babi na gaba: wa ke fara buga waya, me ake bayarwa, me ya sa gwamnati ke rantsuwa ba ta biya ko kwabo ba, kuma kuɗin da aka biya yau, wa zai sa a sace gobe.